Ɗiyar da ban ƙirga ba a hanyar Garhanga

Tun ranar da mota ta sauke ni a ƙofar gida ban huta da tambaya ba. In na je famfo a ce, "Habsu, ina labarin tafiya?" In na je gidan suna a ce, "Ke da kika shiga motar manya, wai me kuka je nema bayan duwatsu?" Ni kuwa kun san ni, muryata ba ta kai bakin zaure, in mutum biyu suka soma magana tare sai in yi shiru. Malamarmu ta karatun manya ta ce in rubuta shi, a karanta wa kowa sau ɗaya a huta. Ga shi na rubuta. Inda hannuna ya karkace ku yi haƙuri, da girmana na koyi riƙon bik, wato biro.

Bayan an gama ɗaurin gero, yara sun koma lakwal, wato makarantar boko, wata ma'aikaciyar ilimi ta zo daga birnin Tawa, sunanta Madam Rakiya. Ta tara mu, mu ƙungiyar iyaye mata ta unguwarmu a Madawa. Ta ce ana son a ji daga bakin ƴan lakwal su da kansu abin da ke damunsu da abin da suka rasa, a ƙasar Madawa da Buza da Keita. Amma yaran sun fi ƙarfin a tambaye su duka. Sai an zaɓi waɗansu, irin zaɓen da in an ji su kamar an ji kowa. Aikin wannan tafiya ke nan, zaɓe kawai, masu tambayar daga baya za su zo. Tana son uwa guda mai ɗan rubutu ta raka ta, don matan ƙauye sun fi sakin baki da mai ɗaurin zane irin nasu. Mata suka ce a tafi da Habsu, ita ba ta faɗa da kowa.

Na so in ce a'a. Lokacin dashen albasa ne, maigida kuma yana Abijan cin rani. Sai na ji Madam tana lissafa wuraren da za a bi, ta ambaci wani kwalej na bayan dutsi a ƙasar Garhanga. Nan take na ce na yarda.

Ku da muke gari ɗaya kun san dalili, amma ƙila wannan takarda ta kai hannun wanda bai san mu ba. A wurinmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta kallon idonsa cikin mutane, in ana ƙirga ƴaƴa kuma ba ta sa shi. Kunya ce, haka muka tarar. Tawa ta farin, tun da aka yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta zuwa ƙauyensu, ni "ta wajen tsohuwa" nake ce mata. Ta yi ƙoƙari har ta shiga wannan kwalej, tana zaune gidan wani mai masauki don ƙauyen tsohuwa da nisa. Kafin zuwan Madam da kaɗan, saƙo ya iso mini ta bakin wani mai sayar da kanwa: yarinya ta ce ta gaji da lakwal, in an yi hutu ba ta komawa. Dalili, ba wanda ya sani. Ni kuma ba ni da bakin tambayarta. Na ce a raina, in Madam ta zaɓe ta za a zaunar da ita a tambaye ta da kyau, a ji abin da ya gajishe ta tun ba ta bari ba.

Direbanmu sunansa Gado, Bakurfaye ne daga wajen Filinge, ni kuwa Ba'adara, kun ga abokan wasa sun haɗu. Tun ban gama zama ba ya ce, "Madam, uwa an ka ce mu ɗauka, sai an ka ba mu Ba'adara? Ki sa ido ga duwatsun hanya hwa, in mun dawo sun ragu, ita ta kwashe ta kai gona."

Na ce, "Yi tuƙinka, Gado. Yau za mu kai ka ka ga gero da idonka."

Muna fita gari muka wuce inda ake jibge buhunan albasa. Madam ta waiwayo ta ce, "Inna Habsu, ku ƴan Madawa in za ku sayi buhu, samansa kuke dubawa?"

Gado ya riga ni. "Waɗanga? Su da ke jera manya a baki, ƙanana na ƙasa suna kuka?"

Na ce, "Kurfayawa kaɗai muke jera wa, su ne ba su san a sa hannu ciki ba."

Madam ta yi dariya ta ce, "To aikinmu ke nan duka. Hannu za mu sa har ƙasan buhu."

A iyakar ƙasar Madawa da ta Buza akwai igiya a gicciye da rumfar jandarmomi. Wani yaron jandarma, sa'an ƙanena, ya leƙo ya karɓi takardun Gado da na Madam. Nawa katin ɗan ƙasa na ƙulle shi cikin leda, ledar cikin gefen zane, zanen kuma na zauna a kansa. Kafin in ciro shi har mai awaki da ke bayanmu ya soma ƙunƙuni. Jandarman ya duba katin ya dube ni.

"Su na ga aikinsu. Ke mi aikinki cikin motar ga?"

Na ce, "Uwa ce ni."

"Uwar nawa?"

Na ce, "Uku."

Ya ce Allah shi raya, ya sauke igiya. Ban ji na yi ƙarya ba ko kaɗan. Haka nake faɗa tun da nake.

Zangonmu na farko wani ƙauye ne a kwarin Maggiya, inda itatuwan dogon yaro suka yi layi-layi cikin gonaki. Labarinmu ya riga mu isa. Mun tarar an share filin lakwal, maigari da direkte, shugaban lakwal ɗin, suna tsaye, ga yara kamar goma sha an wanke su tas, an sa musu kayan salla, har da kwalli. Suka yi mana waƙa. Wata yarinya mai ƙarfin murya ta fito ta yi gaisuwa da Faransanci ba ta yi tuntuɓe ba. Direkte ya ce, "Madam, mun sauƙaƙa maki aiki. Ga waɗanda mun ka zaɓa, duk sun iya magana."

Madam ta sunkuya ta tambayi yarinyar me ta rasa a lakwal. Yarinya ta dubi direkte, ta ce, "Ba mu rasa komi ba, mun gode."

Ni da nake tsammanin Madam za ta ɓata rai, sai na ga ta tafa wa yaran, ta yaba wa direkte, ta zauna ta ci dambun zogale da ƙuli-ƙulin da aka kawo har ta nemi ƙari. Sai da kowa ya saki jiki ta ce a nuna mata bayan kilas. Can muka sami rumfar zana, yara sun cika ta a ƙasa, wani ba riga, wata da goyon ƙanenta, wani yaro kuma a can gefe yana kallon bakin mushe, wato malamin lakwal, don ba ya ji sosai.

Direkte ya ji nauyi. Ya ce, "Madam, baƙo ba a tarbarsa da waɗanga."

Ta ce, "Gaskiyarka, Mushe, tarba kun yi ta, Allah ya saka. Yanzu na daina zama baƙuwa. Sunan kowa za mu sa a ƙwarya, a rufe ido a ciro."

"In ƙuri'a ta faɗa ga wanda bai iya magana ba fa?"

"Shi ma naku ne. Masu tambaya za su jira shi."

Wannan hali nata shi ya fi burge ni duk tafiyar. Ba ta taɓa sa mutum ya ji ya yi wauta ba, kuma ba ta taɓa barin abin da ta zo yi ba.

Buza gari ne a kan dutse. Mun sauka gidan wata Hajiya, ƴar'uwar wani abokin aikin Madam, ta ba mu ɗaki da tabarmi sababbi, ta yi mana tuwon gero da miyar kuka mai daddawa da yawa. Nan na yi abin kunya. Mu a Madawa ruwa kusa yake, da safe na ɗauki buta cike na yi alwala, na wanke ƙafafu da sauran, na sake cikawa. Hajiya tana kallona, sai da na gama ta ce, "Sannu, ƴar fadama. Jakin da ya hau da ruwan ga shina gaishe ki." Daga ranar na koyi alwala da rabin buta.

A tsakar gidan ne Madam ta nuna mini yadda take tunanin aikin. Ta ari faifai, ta zuba wake tsibi guda ta ce lakwal ɗin bakin hanya ke nan. Ta zuba gero ta ce na bayan dutsi, inda mota ba ta son zuwa. Ta zuba dawa ta ce na unguwannin makiyaya, inda yaro ke tashi da Buzanci ko Fillanci a gida. Ta ce akwai masu kantin, inda ake ba yara abincin rana, akwai marasa shi. A kowane tsibi sai an ɗiba, babba da yawa, ƙarami kaɗan, amma ba wanda za a bari. A cikin kowace lakwal kuma maza daban, mata daban. Tana cikin bayani kazar Hajiya ta zo ta baya ta hau kan dawa.

Gado ya yi ihu, "Madam, kaza ta cinye makiyaya!"

Madam ta kore ta tana dariya, ta sake zubawa ta ce, "Kun gani? Ƙaramin tsibi in ba a tsare shi ba haka yake ɓacewa."

Sannan ta faɗa mini nawa aikin. Ta ce in muka sa sunayen waɗanda muka tarar a kilas kawai, mun bar yaron da ya fi kowa matsala, don shi ne ranar bai zo ba. Saboda haka a kowane ƙauye in tara iyaye mata, kowace ta faɗi ƴaƴanta da ke lakwal, masu zuwa da masu fashi, ni in rubuta kowane suna a ƴar guntuwar takarda in jefa a ƙwarya. Na ga dabara ce mai kyau. Gado ma ya ce mai kyau ce. Muka yi haka a ƙauye biyu na ƙasar Buza, kowa yana murna.

A na ukun ne, wani ƙauye kusa da Allakai, abin ya fito fili. Mun gama rubutu ƙarƙashin gawo, mata suna shirin tashi, sai ga wata budurwar yarinya ta wuce da tulu a kai, yatsunta fari fat da alli. Madam ta bi ta da kallo.

"Inna Habsu, wannan mun rubuta ta?"

Na ce ban ji an faɗe ta ba.

Madam ta ɗaga murya, "Iyayena, waccan mai tulu ɗiyar wa ce?"

Wata ta shiga gyaran goyo, wata ta dubi sama kamar hadari ya taso. Sai wata tsohuwa da ke gefe tana ɓarar gujiya ta ce, "Tawa ce. Waccan mai rufe baki da gyale ita ta haihwa, ni na sha wahala. In kin jira ta hwaɗi sunan, ɗiyata, sai gawon ga ya yi ganye da damina."

Mata suka fashe da dariya, uwar yarinyar ta tashi da gudu ta shige gida. Madam ta zauna a kan turmi, ta riƙe kai, ta yi dariya har da hawaye. Da ta lafa ta ce, "Wayyo ni Rakiya. Ni ma ta fari ce. Kakata ta riƙe ni. Uwata har yau in an tambaye ta ƴaƴa, daga ƙanena take farawa. Ni da kaina na shirya wannan dabara, kuma ni ce irin wadda dabarar ta bari a waje."

Mu uku a motar nan, duk cikin al'adar muka tashi, ba wanda ya tuna. Kowace uwa ta tsallake na farinta, ni mai rubutu ban ji wani abu ya ragu ba, don ni ma da haka zan faɗa. Kuma su ne yaran da suka fi zama a hannun wasu, wajen kaka, wajen gwaggo, wajen mai masauki.

Madam ta ce a sake. A kira tsofaffi da duk mai riƙon ɗan wani, tambayar kuma ta canza: wa ke kwana gidanki yana zuwa lakwal? Nan sunaye suka yi ta fitowa, tsofaffi suna faɗa suna ƙarawa da tsiya, wannan malalaci ne, waccan ta fi uwarta hankali. Madam ta ari ƙwarya ta dabam ta ce wannan ta yaran da ke hannun wasu ce, tsibinsu daban. Sannan ta ce wa Gado ya juya mota, za mu koma ƙauyuka biyun da muka baro.

Gado ya ce, "Madam, hanyar da ta kusa karya mini baya? Wa za ya sani in ba mu koma ba?"

Ta ce, "Ni."

Muka koma.

A hanyar komawar, mota tana ta jijjiga, Madam ta ce a hankali ba tare da ta waiwayo ba, "Inna, ukun nan da kika faɗa wa jandarma."

Na ja gyale na rufe fuska. Gado ya buɗe baki zai yi tsiya, ta ɗaga masa hannu.

"Tana ina?"

Na ce, "Kwalej ɗin da za mu je, ƙasar Garhanga." Daga cikin gyalen na faɗa mata saƙon da mai kanwa ya kawo, na ce ko za ta sa a tambaye ta.

Ta ce, "Sunanta zai shiga ƙwarya kamar na kowa. Amma ba zan ciro ta da hannuna ba, Inna. In na yi maki, gobe sai in yi wa maigari, mu koma saman buhu."

Na ce, "Haka ne." Raina bai so ba. Ita kuma ba ta lallashe ni da abin da ba za ta yi ba.

Daga Allakai sai da muka fara zuwa Keita gaida manyan ilimi na can, don haka muka wuce mararrabar garin da ta wajen tsohuwa take, ina kallon hanyar ta taga har ta ɓace. Gaba kaɗan motar ta nutse cikin yashin wata korama. Gado ya yi gaba, ya yi baya, ya fito ya zagi yashin. Sai ga mata sun gangaro daga tudu da jakuna. Matan wannan ƙasa, jama'a, sai wanda ya gani. Su ne suka jera duwatsun da ke tare ruwa a jikin tsaunukan nan, hannuwansu kamar na maƙera. Ba su tambaye mu daga ina ba. Suka kwaso duwatsu masu faɗi suka shimfiɗa gaban taya, suka sa kafaɗa, mota ta fita. Babbarsu ta kakkaɓe hannu ta tambayi Gado shi ɗan ina ne. Da ya faɗa ta ce, "Shi ya sa."

Na ce, "Gado, ka ga amfanin kwasar duwatsu?"

Ya ba mota wuta kamar bai ji ba, sai Keita.

Tamaske ta ba ni mamaki. Gidajen siminti masu ƙofar ƙarfe, da yawa a kulle, masu su suna can ƙasashen waje neman abinci, kasuwa kuwa cike kamar ba wanda ya tafi. A can in ka tambayi yaro ina babansa sai ya faɗi sunan garin da ni ban taɓa ji ba. Daga nan muka shiga wata unguwar Buzaye manoma, masu gona da ƴan awaki. Aka ba mu fura da aka dama da cuku da dabino, mai daɗin da ban taɓa sha ba, da shayi har sau uku. Abin da na lura, matansu a gaba suke zama, su yi magana mazansu suna saurare, namiji kuwa in zai kurɓi shayi sai ya kai kofin ƙarƙashin rawani don kada a ga bakinsa. Na ce ikon Allah, mu mata ke rufe baki, su maza. Madam ta nemi wata yarinya mai jin harsunan biyu ta yi mana tafinta, ta kuma ce dole cikin masu tambaya a sami mai jin Buzanci, in ba haka ba yaran nan "lafiya lau" kawai za su ce.

Sannan muka juyo ƙasar Garhanga.

Mun isa kwalej da hantsi. A nan ba iyaye a kusa, yawancin yaran daga ƙauyuka suke, don haka Madam ta ce duk wanda ke zaune gidan da ba na iyayensa ba ya zo da kansa ya faɗi suna, a aika kuma a kira waɗanda ba su shigo ba. Na zauna a tabarma da ƙwarya da bik. Suna zuwa ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa. Can wajen ƙarshe na ga ƙafafu sun tsaya gabana, da gefen wani zane da na sani, ni na aika da shi bara. Ba daga kilas ta fito ba, daga bayan katanga aka kirawo ta. Ta durƙusa. Ta yi tsawo. Tafin hannunta duk kanta ce ta igiyar guga. Ba ta faɗi suna ba, ta san na sani. Ni kuma ban ɗaga kai ba.

Madam ta juya tana tambayar direkte wani abu game da rufin kilas.

Tun da na koyi rubutu na rubuta sunan maigida, na rubuta na ƴaƴana uku, na rubuta na yaran mutane cike da ƙwarya. Wannan hannuna bai taɓa yin sa ba. Na ce a raina, baki aka hana, ba a ce komi game da hannu ba, don waɗanda suka kafa al'adar ba su san za mu riƙe bik ba. Na rubuta shi harafi harafi, na ninke, na jefa.

Aka kira wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin lakwal, ta rufe ido, ta juya takardun da hannu, ta yi ta cirowa Madam tana karantawa. Na kasa kunne ga kowane suna. Aka ciro wata ƴar makiyaya, aka ciro wani yaro mai ɗingishi, aka ciro waɗansu. Madam ta ce ya isa. Nata bai fito ba.

Madam ta dube ni sau ɗaya. Na gyaɗa mata kai. Waɗanda aka ciro ma ƴaƴan wasu ne, hannun ƴar makiyayan nan da irin kantar da na gani. Amma ni abin da ya kawo ni bai biya ba, hutu kuma ya kusa.

Sauran takardun ni ke zuba su a wuta kullum, don kada sunayen yara su yi yawo a ƙasa. Ranar na tsaya na tone su har na sami wadda nake nema, na ƙulle a gefen zane inda katina yake.

Da aka fita shan iska na koma inuwar mota. Sai ga ta wajen tsohuwa da moɗar ruwa, ta ajiye kusa da ni, ta tsaya tana kallon taya. Ni ma na kalli tayar. Duk tafiyar nan na ga yadda Madam ke yi, ta yi tambaya ƙarama ta jira, ko shirun ya yi tsawo ba ta cika shi. Na ce da tayar motar, "A tambayi masu cewa sun gaji da lakwal, mi ya gajishe su."

Shiru ya yi tsawo. Na jira.

Can ta ce, ita ma da tayar, "Ba su gaji ba. Ruwan gidan masauki suke ja da safe, su makara. In sun makara a ce su koma su zo da uwa ko uba. Tsohuwa ba ta iya hawan dutsi. Mai masauki ya ce shi ba shi ya haihwa ba. Sai su zauna bayan katanga har a tashi."

"Mi ya hana su aika Madawa?"

"Da wane baki?"

Na ɗauki moɗar na sha ruwan duka, don in sami abin yi da fuskata. Na ajiye. Na ce, "To a hwaɗa masu uwar ta zo."

Na tashi na nufi ofishin sirbeya, wato mai kula da shiga da fitar yara, ina jin takunta a bayana. Mutum ne mai furfura, da gajiya a fuska. Ya ce, "Hajiya, aikin Madam ne?"

Na ce, "A'a. An ce a zo da uwa. Ni ce uwar."

"Uwar wa? Yaran da yawa."

Na kwance gefen zane, na warware ƴar takardar na ajiye masa a tebur. Ya karanta sunan da ƙarfi. Wannan karon ban ja gyale ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yarinya mai ƙwaƙwalwa, tun farkon shekara muke cewa a zo, mun ɗauka ba wanda ya damu da ita." Na faɗa masa zancen ruwa. Ya ce da ya sani da bai kore ta ko sau ɗaya ba, yanzu ta shiga kilas.

Daga nan na je gidan masauki na gaida matar gidan, na yi mata godiyar riƙo, don riƙon ɗan wani ba ƙaramin abu ba ne. Da ta ji, ta dafa ƙirji ta ce, "Wallahi ba wanda ya hwaɗa mini korar ta ake. Ita ba ta magana, kamar wa ta ɗauko?" Muka yi dariya. Muka shirya ruwan ya koma na maraice.

A mota na ba Madam labari. Ta ce, "Inna, ara mini tambayar nan." Ta sa ta cikin waɗanda za a yi wa yara: in an ce ka zo da uwa ko uba, wa ke zuwa? Ban san abin da manya za su yi da amsoshin ba, wannan sai mu jira mu gani. Abin da na sani, an yi hutu an koma, ta wajen tsohuwa tana kilas. Ni kuma na san ranar da motar kasuwar can ke tashi daga tasha, na bar wa sirbeya lambar wayar maƙwabciyata.

Da muka iso igiyar nan ta iyaka a hanyar dawowa, yaron jandarman nan ne dai. Wannan karon katina yana hannu. Ya gane ni ya yi murmushi.

"A'a, uwa ce. An dawo lahiya? Uwar nawa ma kin ka ce?"

Bakina ya ƙi. Na fito da hannu ta taga na ɗaga masa yatsu huɗu.

Ya ce, "Ba uku ba ne ran nan?"

Gado ya ce, "A hanya ta haihu, ranka shi daɗe. Adarawa ba su wasa, jaririyar har ta shiga kwalej."

Ya sauke igiya muka wuce.